Wa Ya Goge Teburin Ɓatattu?

Ranar Laraba da safe na kunna kwamfuta, na kira teburin ɓatattu kamar yadda na saba, sai ta ce mini babu tebur mai wannan suna. Na yi tsaki na sake bugawa. Ta maimaita. A karo na uku ne na gane da gaske take.

Ofishinmu na ƙungiyar makiyaya ne, ɗaki huɗu da baranda da tukunyar ruwa a bakin ƙofa. Ni ce mai kula da rumbun bayanai, shi ya sa har matar Shugaba 'Yar Rumbu take kirana. Tebur a bakinmu ba na katako ba ne. Jeri ne a cikin kwamfuta, layi bayan layi, kowace dabba da layinta. A teburin ɓatattu muke rubuta duk saniya ko rago ko raƙumin da aka kawo ƙarar ya ɓace ko an sace: mai shi, launinsa, ranar da aka rasa shi. Shekara shida ina cika shi, layi dubu ɗaya da ɗari huɗu da goma sha biyu. Ranar Talata da safe yana nan. Ranar Laraba babu ko ƙurarsa.

Kwafin ajiya fa? Kada ma a tambaye ni. Faifan da nake kwafe rumbun a ciki Shugaba ya ara tun wata biyu don ya zuba hotunan jikokinsa, aka ce masa wuri bai isa ba, shi kuma ya ce a share abin da ke ciki.

Kafin ƙarfe goma labari ya zaga. Ka san ofis: wanda bai san inda ake kunna kwamfuta ba shi ya fi kowa sanin wanda ya yi laifin. Abin da ya ƙara dagula lamarin, mako mai zuwa za a zauna kan shanu takwas da wani tsohon makiyayi ya ce nasa ne, ya gan su a hannun wani dillali. Teburin ne zai raba gardama. Dillalin nan kuwa wan mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Shugaba ya kira ni ɗakinsa, ya yi kicin-kicin da fuska.

"Ke kika ce mana kwamfuta tana rubuta duk wanda ya ba ta umarni. To wa ta rubuta?"

"Ni, ranka ya daɗe. Da lambata aka shiga. Amma lokacin na fita cin abinci, na bar ta a buɗe."

"Kin bar ta a buɗe." Ya ja maganar kamar yana ɗanɗana ta. "Gobe ƙarfe huɗu kwamiti zai zauna. In kin kawo wanda ya yi, to. In ba ki kawo ba, ki ajiye mabuɗi, sauran bayani ki yi wa 'yan sanda."

Ya miƙo mini takardar dakatarwa da ya buga da kansa. Na fito baranda kowa ya sunkuyar da kai yana wani aiki da ba shi da shi. Korar ba ta yi mini zafi kamar sunan da za a liƙa mini ba: wadda ta sayar da amanar makiyaya don dangin miji. A wannan layin aikin, in aka kira ka haka sau ɗaya, kai da aiki har abada.

* * *

Da azahar Kawu ya iso, yana dogara sanda. Ƙanin mahaifiyata ne, shekara arba'in yana bin sawun dabbobin sata kafin gwiwa ta zaunar da shi. Mutane Mai-sawu suke ce masa. Karatun boko bai dame shi ba, lambobi kawai ya sani, amma ban taɓa ganin mai son sanin abu kamarsa ba. Ya taɓa kwance rediyon mahaifiyata don ya ga inda mai labarai yake zama.

"Auta, uwarki ta ce an yi miki sata."

"Kawu, ba irin taku ba ce. Nan babu ƙasa, babu kofato."

"Aljani ne ya yi?"

"Mutum ne."

"Da hannu?"

"Da hannu mana."

"To ya taɓa wani abu ke nan. Matsa in zauna."

Ya jawo kujera har gemunsa na neman gogar allon kwamfutar. Na yi masa bayani da abin da ya sani. Na ce ya ɗauki tebur kamar garke. Akwai umarnin da ke fitar da dabba ɗaya, garken na nan. Akwai kuma wanda ake rubutawa DROP TABLE, shi wannan ba dabba yake ɗauka ba, garken yake tumɓukewa da shingensa da turakunsa, ko tambayarka ba ya yi ko ka tabbata.

"Kai! Kuma kuka bar irin wannan a sake, ba a ɗaure ba?"

"Akwai ɗan ɗauri. Teburin ɓatattu yana haɗe da wani, na alamomi, inda muke rubuta tsagar kunne da tambarin kowace dabba. Kowace alama tana riƙe da lambar dabbarta. In ka zo cire na farko, kwamfuta za ta ƙi, ta ce akwai mai dogaro da shi. Sai ka ƙara wata kalma da ke tsinke igiyar."

"Shi kuma ya san kalmar."

"Ya sani. Yanzu ga alamomi nan dubu da ɗoriya, ba wanda ya san na wace dabba ce."

Kawu ya gyaɗa kai, idonsa na ƙyalli. Wallahi daɗi yake ji, ni kuwa ina ji kamar in fasa ihu.

"Mu fara da masu ƙafa," ya ce. "Wa da wa ke nan jiya da rana?"

* * *

Direba muka fara samu, yana wanke mota a ƙarƙashin bishiya. Kawu ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya yaba motar, sannan ya ce ko ya ji labarin teburin.

"Tebur? Ai ni na cire su, Baba."

Na matso kusa da shi. "Kai ka cire?"

"Ni da Inna mai shara. Guda biyu. Shugaba ne ya ce baƙi za su zo duba aiki ranar Litinin, a cire duk tsohon tebur kada a ba mu kunya. Suna bayan gida can, ɗaya ma ƙafarsa uku."

Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba. Duk da haka sai da ya sa aka kai shi ya ga teburan, ya ƙwanƙwasa su, ya leƙa aljihunsu, ya ce katakon mai kyau ne, asara ce a bar shi a rana.

Inna mai shara tana jin mun zo ta ajiye tsintsiya, don ita tun safe take jiran a tambaye ta.

"Ni dai ba na shiga abin da ba ruwana," ta fara, "amma wan mijin nan naki ya zo jiya wajen ƙarfe ɗaya. Ya zauna kan bencin can, yana ta girgiza ƙafa. Ya ce ke yake nema."

"Ya shiga ciki?" in ji Kawu.

"Ina zai shiga? Na jiƙa baranda da ruwa, na ce wanda ya taka mini zai ji a jikinsa. Da takalmin nan nasa mai laka? Da na gani."

"To wa ya taka?"

"Ba baƙo dai. 'Yan gida ai ta ƙofar ciki suke bi, ba ruwansu da baranda."

Kawu ya ce ta yi masa kwatancen inda ta tsaya, ta yi. Ya je ya tsaya a wurin, ya duba hagu ya duba dama, ya dawo.

* * *

Wan mijina muka tarar a kasuwar dabbobi, yana zaune kan buhu yana sakace. Yana ganina ya washe baki.

"Amaryarmu! Na ji an ce na'urar taku ta yi amai ta lashe. To Allah ya kyauta."

Shekara goma sha ɗaya da aurena, har yau amarya nake a bakinsa in yana son ya ɓata mini rai.

"Me ka je yi ofishinmu jiya, Yaya?"

"Gaisuwa. Laifi ne mutum ya gai da matar ƙaninsa?"

Kawu ya zauna kusa da shi, ya ciro tsohuwar wayarsa ya ce don Allah ya sa masa lambarsa a ciki, idonsa ba ya gani. Mutumin ya karɓa, ya miƙar da hannu can nesa, ya ƙanƙance ido, ya danna da babban yatsa, wayar ta mutu gaba ɗaya. Ya kunna, ya sake dannawa, ta kira mahaifiyata.

Da muka fito na ce, "Wataƙila ya sa wani ne."

"Wataƙila. Amma kin ga murnarsa? Murnar wanda ya tsinci abu ce a hanya. Wanda ya biya aka yi masa aiki ba ya washe baki haka, fuskar tausayi yake sawa. Shanun nan kam ba zan rantse masa ba. Teburinki dai ba shi ba ne."

* * *

Saura mutum ɗaya, shi kuwa don cika ƙa'ida kawai muka shiga wurinsa. Magatakardanmu tsohon malamin makaranta ne, ya haura saba'in, shi ke buga wasiƙu, shi ke riƙe da katunan da makiyaya ke cikewa in sun kawo ƙara. Malam Jan-Biro muke ce masa, don ba takardar da za ta wuce ta gabansa ba ta sha ja ba. Sanarwar da ke ƙofar bayi ma sai da ya gyara. Shi ya koya mini rubuta wasiƙa tun ina 'yar aji biyar, shi ya kawo ni wannan aikin, ya tsaya mini a gaban kwamiti lokacin da suka ce mace ba za ta iya ba.

Na same shi ya faɗa, kamar wanda ya kwana biyu yana zazzaɓi. Ya zuba wa Kawu shayi, rabi a kofi rabi a tire.

"Malam, jiya da rana kana ina?" in ji Kawu.

"Ina nan cikin ofis."

"Ba ka ga kowa ba?"

"Ban ga kowa ba."

Na miƙa masa takardar dakatarwar don ya ga abin da aka yi mini. Ya karanta har ƙasa, ya miƙo mini, ya ce, "'Yata, Allah zai wanke ki." Hawayen da na riƙe tun safe suka zubo.

Sai da muka fito na lura da wani abu. Takardar nan Shugaba ne ya buga, kuskure a cikinta ya fi goma, ya rubuta ƙungiya da k, ya rubuta ɗaya da d. Biron yana aljihun Malam, bai ko taɓa shi ba. Na ce a raina, bawan Allah, damuwata ta hana shi ganin komai.

* * *

Ranar Alhamis da hantsi Kawu ya dawo ya ce masu ƙafa sun ƙare, a nuna masa ƙasar. Kwamfuta tana ajiye jerin duk umarnin da aka ba ta, da lokacinsa, da amsar da ta mayar. Na riga na karanta shi sau ashirin. Ya ce shi ba ya iya kallon gilashi, in fitar masa a takarda, da manyan baƙaƙe. Na buga masa layi bakwai, ya shimfiɗa a ƙasa, ya tsuguna a kai da gwiwar nan tasa mai ciwo, kamar ya samu sawu a bakin rafi.

"Karanta mini. A hankali."

"Ɗaya da minti arba'in da ɗaya, ya ce a cire tebur. Ta ce babu shi."

"Babu shi? Alhali yana nan?"

"Kuskuren bugu ne, ya faru ga kowa. Ɗaya da arba'in da huɗu, ya sake. Ta ce a ɗaure yake da na alamomi. Ɗaya da hamsin da biyu, ya ƙara kalmar tsinke igiya. Nan ne ya tafi."

Kawu ya ƙirga da yatsu. "Minti uku. Sannan minti takwas. Me yake yi minti takwas?"

"Oho."

"Auta, na bi ɓarayi fiye da gashin kanki. Ba wanda ke shiga garken mutane da rana tsaka ya tsaya minti takwas yana sosa ƙeya. Wannan ba sauri yake ba. Karatu yake. Akwai inda aka rubuta waɗannan kalmomin?"

Na jawo aljihun tebur na ciro littafina, wanda nake rubuta umarni tun farkon aiki, Turanci a hagu, bayanina da Hausa a dama. Yana inda na bar shi. Sai dai kusurwar shafin da na saba naɗewa an miƙe ta, an lallatse.

"Ci gaba," ya ce.

"Ɗaya da hamsin da uku, ya ce a gina sabon tebur mai sunan. Ta ƙi, don bai faɗi abin da za a zuba a ciki ba. Ina jin so ya yi ya bar mana fanko don kada a gane da wuri. Sauran ukun kuma kiran teburin yake yi, ta ce babu."

"Sau uku?"

"Sau uku. Na ƙarshe ƙarfe biyu da minti uku."

"Wanda ya kore saniya ba ya dawowa yana kiranta. Mai kira, shi ma ɓace masa ta yi."

Ya sa yatsa a layin farko, ya sa wani a na biyu. Ya daɗe yana kai ido yana kawowa.

"Waɗannan biyun kin ce abu ɗaya ya rubuta?"

"Abu ɗaya ne, Kawu."

"Ba ɗaya ba ne."

"Ni fa nake karatun nan!"

"Ke karantawa kike, ni dubawa nake. Wannan sandar ta sama tana da ƙaho, ta lanƙwasa baya. Ta ƙasa a miƙe take, gundumi ce. Ga mai ƙahon nan ta sake fitowa a layi na huɗu. Ƙafa biyu ce daban."

Na karɓi takardar don in nuna masa ya yi kuskure. Sai na gani.

Ranar da na gina teburin, shekara shida baya, batattu na sa masa, da b marar ƙugiya, don na ji ana cewa na'ura ba ta son haruffanmu masu lanƙwasa. A layi na biyu da na uku haka aka buga. Amma a layin farko an buga ɓatattu, da ƙugiyarsa cas. Shi ya sa kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Sau ashirin idona ya bi ta kai yana karanta abin da ya saba gani.

Fitar da wannan harafin a madannanmu sai an haɗa maɓalli biyu. Mutum ɗaya ne ya tayar da rigima har aka saka mana tsarin a kowace kwamfuta, kuma shi kaɗai ne bai taɓa gajiya da amfani da shi ba.

Na zauna a ƙasa kusa da Kawu. "A bar maganar nan."

"Kin san mai ƙafar ke nan."

"Kawu, shi ya kawo ni nan. Ya haura saba'in. In aka kai shi wurin 'yan sanda ba zai fito da rai ba."

"In aka kai ki fa? 'Ya'yanki su tashi ana nuna su?" Ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar. "Ni aikina in kai sawu bakin ƙofa, ban taɓa fasa ƙofar kowa ba. Zan ƙwanƙwasa masa. In ya buɗe, ya buɗe. Amma ni abin da ke cin raina, me ya sa? Mutumin da ya miƙe miki kusurwar littafi bayan ya gama, me zai kai shi?"

Ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan, ina jin haushi da tausayi sun cakuɗe mini a ƙirji.

* * *

Ƙarfe huɗu aka taru a ɗakin taro: Shugaba da 'yan kwamiti uku, Direba, Inna mai shara, wan mijina da aka kira ya zo yana hura hanci, sai Malam a ƙarshen benci. Kawu ya nemi izini, ya shimfiɗa takardar nan mai layi bakwai a tsakiyar tebur inda kowa zai gani. Na ga idon Malam ya sauka a kanta, ya tsaya a layin farko.

"Ni ba mai ilimi ba ne," in ji Kawu. "Alfarma ɗaya nake roƙo. Kowa ya rubuta mini sunan teburin da ya ɓace."

"Wasa muka zo yi?" in ji Shugaba.

"Minti ɗaya ne, ranka ya daɗe. Wanda ya yi aikin ma takwas ya ɗauka."

Aka raba 'yan takardu. Shugaba ya rubuta batattu ya tura. 'Yan kwamiti haka. Direba ya yi nasa da manyan baƙaƙe har ya huda takardar. Wan mijina ya rubuta da t ɗaya. Inna ta ce ita a dangwala mata. Kawu yana karɓa yana jerawa, yana cewa, "Gundumi. Gundumi. Wannan ma gundumi."

Saura Malam. Ya ciro jan biron daga aljihu, ya cire murfin. Ya ga takardar da ke tsakiya, ya ji abin da Kawu ke faɗa, ya san sarai abin da ake nema. Abin da zai yi ya tsira bai fi ƙwayar gero ba: ya ja sandar a miƙe kamar kowa, ya miƙa. Ni kaina, Allah ya sani, a raina ina cewa, Malam, bar ta a miƙe, sau ɗaya dai a rayuwarka.

Ya ja sandar. Ya yi cikin harafin. Ya rubuta sauran har ƙarshe. Biron ya tsaya a sama. Sai ya koma farkon kalmar, ya lanƙwasa mata ƙugiyarta.

"Ba na iya rubuta shi da kuskure," ya ce. "Ni ne."

Inna ta dafe ƙirji ta yi salati. Shugaba ya miƙe tsaye. "Kai, Malam? Nawa dillalin nan ya ba ka?"

"Ni?" in ji wan mijina. "Wannan da ya taɓa mayar mini da takarda sau uku?"

"Ba wanda ya ba ni komai." Malam bai ɗago kai ba. "An ce ranar Litinin za a haska aikinmu a babban allo gaban baƙi. Shekara shida ina ganin kalmar nan ba ƙugiya. Batattu ba Hausa ba ce, ba ta da ma'ana. Na yi wa 'yata magana, ta ce na'ura ba ta karɓa. Na ce ya za a yi ta karɓa a wasiƙa ta ƙi a nan? Da ta fita, na ce bari in gyara mata, kada baƙi su ce ba ta iya rubutu ba. Na duba littafinta, na ga ta rubuta: in sunan tebur bai yi ba, cire shi ka sake sabo. A ƙasa kuma: in ta ƙi, ƙara wannan kalma. Na ɗauka sunan kawai zai goge, kamar yadda ake goge kan wasiƙa a sake bugawa."

Na rufe ido. Rubutuna ne. Na yi shi a makon farko, lokacin teburan duk fanko ne, cire su ba ya cin kowa komai. Ban taɓa komawa na ƙara cewa in akwai kaya a ciki, da kayan zai tafi ba.

"Gogewar ba ta dame ni ba, Malam," na ce, muryata na fita da ƙarfin da ban shirya ba. "Kwana biyu! Kana kallo ana kirana maci amana. Na yi kuka a gabanka, ka ce Allah zai wanke ni!"

"Na faɗa." Hawaye na bin gemunsa. "Sau huɗu na zo ƙofar Shugaba na koma. Shekara hamsin ina gyara kuskuren mutane, 'yata. Ban san yadda ake faɗin nawa ba."

Kawu ya tattara 'yan takardunsa, ya cusa a aljihu kamar wani abin tsiya zai yi da su. "To, ni na kai," ya ce. "Sauran naku ne."

* * *

Ba a kira 'yan sanda ba. Shugaba ya so ya yi ta faɗa, sai wani ɗan kwamiti ya tambaye shi labarin faifan ajiya, nan take ya ce a yi haƙuri da juna. Aka yaga takardar dakatarwata. Aka ce Malam zai ajiye aiki ƙarshen wata, bayan an mayar da abin da ya ɓace.

Katunan suna nan a kabad ɗinsa, dubu ɗaya da ɗari huɗu da goma sha biyu, a jere da lambobinsu, ko ɗaya bai yi kunne ba. Aka ɗage zuwan baƙi. Kwana tara muka yi, yana karantawa ina bugawa. Katin shanu takwas ɗin ya fito a rana ta shida, shanun kuwa na tsohon makiyayin ne. Wan mijina bai sake kirana amarya ba, bai ma sake gaishe ni ba, na kuwa samu sauƙi.

Amma abin da na kasa mantawa a safiyar farko ya faru, kafin mu buga kati ko ɗaya. Sai an gina teburin tukuna. Ina fushi har lokacin, ban ce masa ko sannu ba. Na rubuta umarnin, na zo wurin suna, na tsaya.

"Wanne da wanne ake haɗawa?" na tambaya, ban dube shi ba.

Ya miƙo yatsa ya nuna mini maɓallan biyu. Na danna, ƙugiyar ta fito. Na ƙarasa, na tura, ina jiran kwamfuta ta ƙi don in ce masa ka gani.

Ta karɓa. Ko gardama ba ta yi ba. Ashe tun shekara shida da ta karɓa, ni ce ban taɓa gwadawa ba.

Malam ya gyara tabarau, ya matso, ya karanta kalmar a allo harafi bayan harafi. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya ciro biron. Ya duba, ya sake dubawa, bai samu abin gyarawa ba. Sai ya mayar da murfin, ya ajiye biron a kan littafina, daidai shafin nan.

"Akwai layi ɗaya a ciki da ke son gyara," ya ce. "Ke za ki yi. Kati na ɗaya: saniya, fara, mai tsaga biyu a kunnen hagu."